Awa Uku Bakina a Rufe: Sharhi Kan Wani Wurin Tace Rubutu da Gwajin Wasa a Jos

Shekara biyu na shafe ina aiki a kan abubuwa biyu da nake ɗauka tagwaye ne. Na farko gajeren littafin labari ne a kan wani saurayi da ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja, na biyu kuma wasa ne na zama kan tabarma ko tebur, dangin lido, mai taswira da katuna, wanda aka gina a kan wannan tafiya. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma burina shi ne ɗalibai su san yadda kakanninsu suke ɗaukar kanwa da tufafin rini da fatu zuwa Salaga da ke ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su sayo goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante, ba tare da na tilasta musu haddace shi ba. Duk wanda na bai wa littafin ya karanta, amsarsa ɗaya ce: “Allah ya ƙara basira, Malam.” Wasan kuwa na buga shi da ƙannena da abokan aikina fiye da sau talatin, kuma ba a taɓa tashi ba sai an yaba. Abin da ya fara sa mini shakka shi ne, a cikin duk masu yabon nan babu ko mutum ɗaya da ya taɓa cewa a sake bugawa, kuma babu wanda ya taɓa tambayata abin da ya faru da saurayin bayan babi na huɗu.

Wani abokina ne ya nuna mini wurin da nake son yin magana a kansa. Ƙaramin ofishi ne a saman bene, a ɓangaren hanyar Bauchi, ba nisa da jami'a, kuma mutum uku ne suke riƙe da shi: wata mata mai tace rubutu, wani matashi mai shirya gwajin wasanni, da yaron da ke karɓar baƙi. Yawancin aikinsu duba rubutun fim ne da kundayen ɗalibai, gwajin wasa kuwa sabon abu ne da suka ƙara, kuma sun gaya mini cewa masu kawo wasannin waya sun fi masu kawo irin nawa na kwali da takarda yawa. Abin da na biya wa kuɗi shi ne karatun littafin sau ɗaya tare da zama biyu da mai tacewa, sai zaman gwajin wasa uku, sai rahoto a rubuce. Kuɗin ya kusa cinye albashina na mako guda, kuma an karɓi rabi kafin a fara. Ɗakin yana da tsabta da haske, akwai shayi, wanda a sanyin Disamba na Jos ba ƙaramar kyauta ba ce, amma hawa benen yana da wahala ga mai ciwon ƙafa, kuma idan aka ɗauke wuta sai a koma kusa da taga.

Zaman gwajin farko shi ne abin da ya biya ni kuɗina, saboda haka a kansa zan fi tsayawa. Matashin ya kawo mutum huɗu da ban taɓa gani ba, ya zaunar da su, ya miƙa musu kwalin wasan da takardar ƙa'idojin da na rubuta, sa'an nan ya ja mini kujera can gefe ya ba ni littafin rubutu da biro. Ya ce, “Malam, sharaɗinmu ɗaya ne. Daga yanzu har su tashi ba za ka ce komai ba, ko da ka ga sun kife taswirar. Abin da ya dame ka, rubuta shi.” Na yi dariya na amince, domin a zatona shafi huɗu na ƙa'idoji da na tsara da hankali sun isa kowa. Minti ashirin da biyar suka yi kafin a yi jifan farko. Sun yi gardama a kan ko jaki yana ɗaukar kaya biyu ne ko uku, alhali na san amsar tana shafi na uku. Sun ɗauka zango wurin sayar da kaya ne, alhali ni wurin hutawa nake nufi. Kuma har aka gama wasan ba su biya kuɗin fito a bakin kogin Kwara ko sau ɗaya ba, domin jimlar da ta yi bayaninsa na saka ta ne a ƙarƙashin wani sakin layi na tarihi da dukansu suka tsallake. Sau uku ina buɗe baki, sau uku matashin yana ɗaga mini yatsa.

A nan na gane abin da ya faru a wasanni talatin da na buga a gida. Ni ne ƙa'idojin. Duk lokacin da wani ya rikice sai in gyara masa kafin ma ya san ya rikice, ta haka takardar ba ta taɓa fuskantar jarrabawa ba. Da aka tashi, matashin ya ba ni labarin wani gwaji da Elizabeth Newton ta yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1990, inda aka sa wasu mutane su ƙwanƙwasa amon sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi sunan waƙar. Masu ƙwanƙwasawa sun yi hasashen cewa za a gane rabi, amma cikin waƙoƙi 120 uku kacal aka gane. Dalili shi ne mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar a cikin kansa, mai sauraro kuwa bugun yatsa kawai yake ji. Mun saba cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne a kan ɗaki, amma a kan rubutu da wasa mai ɗakin ya daɗe da koyon kwanciya a gefen da ruwa ba ya zuba, har ya manta akwai yoyon.

Aibi na biyu lissafi ne, kuma ina jin kunyarsa har yanzu. A wasan ana jefa ƙwayoyi biyu masu fuska shida irin na lido, a haɗa adadinsu. Na tsara cewa duk wanda ya samu bakwai 'yan fashi sun tare ayarinsa, ya yi asarar rabin kayansa. Na zaɓi bakwai ne kawai don tana tsakiya, ina ganin lamba ɗaya ce cikin goma sha ɗaya, daga biyu zuwa goma sha biyu, don haka ba za ta riƙa fitowa ba. Matashin ya ɗauki takarda ya zana mini: ƙwayoyi biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36, shida daga ciki suna ba da bakwai, alhali biyu da goma sha biyu kowace hanya ɗaya tak gare ta. Ke nan na ɗora masifa mafi muni a kan lambar da ta fi kowace fitowa, kusan sau ɗaya a kowane jifa shida. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya ga nuna kuskuren ba. Ya kawo misalin Catan, wasan da Bajamushe Klaus Teuber ya fitar a 1995, wanda shi ma ya ɗora ɓarawo a kan bakwai, amma da gangan: wanda ya jefa bakwai shi yake zaɓar inda zai ajiye ɓarawon, kuma yawanci kan wanda ke gaba ake kai shi, sa'an nan masu katuna da yawa a hannu su ne suke asara. A can bakwai linzami ce ga mai rinjaye. A nawa wasan kuwa sanda ce da ke sauka a kan kowa ba tare da dalili ba, kuma ta fi yi wa talaka illa, tun da mai jakuna goma yana farfaɗowa, mai biyu kuwa ya durƙushe ke nan.

Wannan ya kai mu ga babbar cutar wasan, wadda sai a zama na biyu ta fito fili. Wanda ya fara komawa Kano da goro yana samun kuɗin wuri, da wurin yake sayen jakuna, jakunan su ƙara masa kaya, kayan su ƙara masa wuri. Kafin a kai rabin wasa kowa ya san wanda zai ci, sauran minti arba'in ɗin kuma jiran gawon shanu ne. Na kalli wata ɗaliba da kayanta suka ƙare tun da wuri ta ciro waya tana dannawa har aka tashi, na kuma rubuta a littafina cewa a gida ma ƙanwata haka take yi, amma ni na ɗauka halinta ne. Matashin ya tuna mini cewa Monopoly, wasan saye da tara filaye, ya samo asali ne daga wasan da Elizabeth Magie ta yi wa rajista a 1904 domin ta nuna yadda mallakar filaye ke tara dukiya a hannun mutum ɗaya, wato rashin adalcin da ke cikinsa saƙo ne. Ya tambaye ni ko ni ma saƙon da nake son isarwa ke nan. Ba shi ba ne. Abin da nake son nunawa shi ne yadda ayari yake tafiya da haɗin kai, da madugu a kan gaba wajen shawara, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, kowa da aikinsa, amma na ƙera wasan da kowane ɗan wasa ke tafiya shi kaɗai kamar bai san kowa a hanya ba.

Sai kuma zancen zaɓi. Na ba 'yan wasa kaya iri huɗu da za su ɗauka daga Kano, ina alfahari da cewa akwai dabara a ciki. A zama na uku duka huɗun kanwa suka loda, domin sun lura ta fi arha, ba ta lalacewa, kuma ribarta ba ta gaza ta sauran ba. Zaɓin da amsarsa ɗaya ce kullum ado ne kawai. A hanyata ta komawa gida ran nan na tsaya kallon wasu dattawa suna dara a gindin bishiya, ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Ana koya wa yaro ƙa'idarta kafin shayi ya huce, ba ƙwayar jifa, ba kati, amma babu motsin da mutum zai yi bai yi tunani ba. Nawa mai shafi huɗu da katuna sittin bai kai ta yawan shawara ba.

Ɓangaren littafin ya fi gajarta a lokaci, amma ya fi zafi. Malamar da ke tacewa ba ta gyara mini jimla ko ɗaya ba a karatun farko. Abin da ta yi shi ne ta ja ɗan layi a gefen shafi duk inda hankalinta ya bar labarin, ta kuma sa alamar tambaya duk inda ta koma baya don ta gane wanda ke magana. Shafuka tara na farko layi ne daga sama har ƙasa. A cikinsu na kawo asalin gidan su saurayin har kaka na huɗu, da bayanin unguwannin Kano, da yadda cinikin Salaga ya ja baya bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, da yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892, duk kafin yaron ya buɗe baki. Ta ce, “Malam, duk wannan gaskiya ne, amma darasi ne. Ina yaron?” Daga nan ta ba ni aikin gida: in rubuta jimla ɗaya a kan kowane babi, in faɗi abin da saurayin yake so a babin da abin da ya yi don ya samu. Cikin babi goma sha ɗaya, a uku kawai na iya cika jimlar. A sauran, abubuwa ne suke faɗo masa: an sace jakinsa, an yi ruwa, wani dattijo ya taimake shi, ya yi rashin lafiya, ya warke.

Da na kawo mata takardar, ita ce ta haɗa mini abin da ban taɓa haɗawa ba, domin ta karanta bayanan gwajin wasan. Ta ce saurayin littafina da ɗan wasana mutum ɗaya ne, dukansu ana jefa musu ƙwaya ne su karɓi abin da ya fito. Ta kuma nuna cewa shafuka tara na tarihi a littafin da katunan tarihi da ba wanda ya karanta a wasan hali ɗaya ne ya haife su, wato malamin da ba ya yarda ɗalibi zai gane abu sai ya tsaya gaban allo ya faɗa masa. Ban ji daɗin maganar ba, kuma na yi kwana biyu ina shirya martani a zuciyata, kafin na karɓa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara goma sha ina jan jan biro a kan takardun yara.

A zama na biyu ta sa na karanta hirar da ke babi na shida da ƙarfi, ta rufe sunayen masu magana da takarda, ta ce in faɗi wanda ya yi kowace magana. Na kasa. Madugu da yaron jaki da matar da ke sayar da fura a zango duk da murya ɗaya suke magana, kowa da karin maganarsa a baki, kuma muryar tawa ce. Wannan dabarar ta rufe suna ita ce abu mafi arha da na koya a wurin, kuma tun daga lokacin ina amfani da ita.

Akwai inda ban yarda da su ba, kuma a nan ne raunin wurin yake. Jos gari ne na harkar fim, a nan Hukumar Finafinai ta Najeriya take da hedikwata, kuma malamar ta fi sabawa da rubutun fim, don haka ma'auninta na fim ne: a shiga fage a makare, a fita da wuri. Da wannan ma'auni ta ba da shawarar in cire kusan duk gaisuwar da ke littafin, wai tana jan labari baya. Wasu na cire, domin gaskiya sun yi yawa. Amma gaisuwar da madugu ya yi da sarkin zango ban taɓa ta ba, saboda a cikinta ake gane wanda ya fara durƙusawa, da wanda ya tsawaita tambayar gajiya don ya jinkirta zancen kuɗi, kuma mai karatu Bahaushe yana karanta wannan kamar yadda yake karanta faɗa. Haka nan masu gwajin wasan dukansu sun ce a cire 'yan fashi gaba ɗaya. Shi kansa matashin ya gargaɗe ni tun farko cewa ɗan wasa ba ya kuskure wajen nuna inda ya ji ciwo, amma maganin da zai rubuta ba dole ne ya zama daidai ba. Ban cire 'yan fashin ba. Na mai da su kan babbar hanya mai sauri, na bar doguwar hanya lafiya lau, sai dai goro yana bushewa a kanta idan an daɗe, kamar yadda fatake suke fama da yayyafa wa huhun goro ruwa da sauya masa ganye. Yanzu mutum da kansa yake zaɓar haɗarin da zai ɗauka.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ba su da zurfi amma na gaske ne. An yi mini alkawarin rahoto cikin mako biyu, sai da ya kai biyar, kuma sai da na yi ta kira. Da ya zo, da Turanci aka rubuta shi, alhali littafin da wasan da zaman duk da Hausa aka yi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa bayani ne na gama-gari da ake iya manna wa kowane aiki. Ba su da mai duba ƙa'idojin rubutun Hausa. Ba su lura da wuraren da na rubuta baki a maimakon baƙi ba, ko inda na haɗe kalmomin da ya kamata a raba, don haka wanda yake neman a share masa rubutu kafin bugawa sai ya nemi wani. Mafi muhimmanci, masu gwajin da suka kawo duk ɗaliban jami'a ne da suka saba da wasannin waya, ni kuwa yara 'yan shekara goma sha uku zuwa goma sha shida nake nufi. Na faɗi haka tun ranar farko, aka ce za a duba, ba a duba ba.

Ga wanda yake tunanin zuwa, shawarata ita ce kada ya kai aikin da bai gama zubin farko ba, domin zai biya kuɗi a gaya masa abin da ya riga ya sani. Kada kuma ya kai wasan da ya riga ya kashe kuɗi wajen buga shi da launi, domin zai ji nauyin yaga shi. Nawa da kwalin indomi da hular kwalba na sake yin sa, kuma gyara ya fi sauƙi a haka. Marubutan da suke sakin labari babi-babi a WhatsApp ko Facebook, waɗanda sharhin da suke samu bai wuce addu'a da neman ci gaba ba, su ne nake ganin za su fi amfana da zama ɗaya da malamar, in dai sun shiga da sanin cewa idonta na fim ne. Wanda ba shi da kuɗin kuma, rabin abin da ake sayarwa a wurin yana iya yin sa a gida idan zai iya samun baƙi huɗu da ba sa jin kunyarsa, ya kuma iya kame bakinsa, wanda shi ne ɓangaren da ni ban iya ba sai da aka sa mini mai gadi.

Makon jiya na kai sabon zubin wasan makaranta, na bai wa yara huɗu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, da ƙa'idoji shafi ɗaya, na koma bayan aji na zauna da littafina. Sun fara cikin minti bakwai. Sun biya kuɗin fito. Biyu daga cikinsu sun haɗa ayari don su bi hanyar 'yan fashi tare, abin da sabuwar ƙa'ida ta halatta, sa'an nan suka yi rigima a kan rabon riba a Salaga, wanda ban tanadi hukuncinsa ba sam, na rubuta shi a matsayin aibi na gaba. Na kuma lura cewa wanda ya fara jifa shi ya ci a wasanni biyun da aka buga, kuma zan ƙirga wasu goma kafin in yanke ko tsautsayi ne ko tsari. Littafin kuwa yanzu yana farawa ne daga shafin da a da yake na goma, da asuba, yaron yana ɗaure wa jaki mangala ba da sanin mahaifinsa ba, kuma babi na bakwai har yau ban samo jimlarsa ɗaya ba.